Haɗin Gwiwar Gwamnati da Kamfanoni Wajen Cike Giɓin Ilmin Kwamfuta: Nazari Daga Fakku

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Agusta na shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, harkokin yau da kullum suka shiga komawa cikin na'ura ɗaya bayan ɗaya. Rajistar jarrabawa, da biyan albashi, da neman aikin gwamnati, da aika kuɗi, da yankar lambar shaidar zama ɗan ƙasa, duk sun koma ta hanyar kwamfuta ko waya. Wanda bai iya sarrafa waɗannan na'urori ba, matsayinsa a yau ɗaya ne da wanda bai iya karatu da rubutu ba a zamanin Yaƙi da Jahilci, watau kullum sai ya nemi mai karanta masa wasiƙarsa, ya biya lada, kuma asirinsa yana hannun wani. Tazarar da ke tsakanin ƙwarewar da rayuwa da ayyuka suke bukata da wadda jama'a suke da ita a zahiri, ita muke nufi da giɓi a cikin wannan takarda.

Gwamnatin Tarayya ta daɗe da amincewa cewa ita kaɗai ba za ta iya cike wannan giɓi ba, don haka ta jawo kamfanonin sadarwa da bankuna da kamfanonin kwamfuta na ƙasashen waje cikin aikin. Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda wannan haɗin gwiwa ya faro da yadda yake tafiya, sa'an nan a auna shi da halin da ake ciki a gari guda, watau Fakku ta Ƙaramar Hukumar Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato. Mun zaɓi Fakku ne saboda nisanta da babban birnin jiha, domin shirin da aka ce na ƙasa baki ɗaya ne, a irin waɗannan wurare ya kamata a gwada ingancinsa. Abin da muke son nunawa shi ne, haɗin gwiwar ya yi ƙarfi wajen samar da kuɗi da kayan aiki da darussa ta intanet, amma ya bar malamin makaranta a baya, alhali kuwa shi ne ma'aikacin da ake samu a kusan kowane ƙauye.

2.0 Matakan Ƙwarewa

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu rarrabe abin da ake kira ilmin kwamfuta, domin sau da yawa akan haɗa abubuwa mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya. A ganinmu, ana iya kasa shi mataki uku.

Mataki na farko shi ne na kowa da kowa. Ya ƙunshi iya kunna na'ura, da rubuta saƙo, da cike fam, da aika kuɗi, da adana lambar sirri, da gane saƙon 'yan damfara. Manomi da matar aure da ɗan makaranta duk suna bukatarsa.

Mataki na biyu shi ne na ma'aikaci da mai sana'a. Malami ya iya tsara darasi da lissafa sakamakon jarrabawa a kwamfuta, ma'aikacin asibiti ya iya shigar da bayanan marasa lafiya, akawun ƙaramar hukuma ya iya tsara takardar albashi. A nan ne kuma masu gyaran waya da masu haɗa lantarkin sola suke.

Mataki na uku shi ne na ƙwararru, watau masu rubuta manhaja, da masu nazarin alƙaluma, da masu kare rumbunan bayanai daga kutse, da masu aikin ƙirƙirarriyar basira. Waɗannan su ne kamfanoni suka fi bukata, su ne kuma ake biya albashi mai tsoka, wani lokaci ma daga ƙasashen waje.

Matakan nan kamar tsani suke, ba a hawa na uku sai an taka na farko. Manufar Ƙasa ta Tattalin Arzikin Fasahar Zamani, wadda aka ƙaddamar a watan Nuwamba na 2019 a zamanin Minista Isa Ali Pantami, ta sa wa ƙasa burin kashi 95 cikin 100 na 'yan Nijeriya su sami matakin farko kafin shekarar 2030. Amma kamar yadda za mu gani, mafi yawan kuɗin da kamfanoni suke zubawa, a mataki na uku yake sauka.

3.0 Tarihin Haɗin Gwiwar

3.1 Asusun Horar da Ma'aikata

Haɗa kai tsakanin hukuma da masana'antu domin koyar da sana'a ya girmi zuwan kwamfuta. A shekarar 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, bisa Doka ta 47. Tsarinsa shi ne kamfani ya riƙa biyan wani kaso na jimlar albashin ma'aikatansa cikin asusun, idan kuma ya horar da ma'aikatan nasa, a mayar masa da wani ɓangare na abin da ya biya. A shekarar 1973 asusun ya fito da shirin SIWES, wanda yake tura ɗaliban jami'o'i da kwalejoji su yi 'yan watanni suna koyon aiki a masana'antu. Hikimar shirin a fili take: makaranta ta koyar da ƙa'ida, masana'anta ta koyar da aikin hannu. Sai dai amfaninsa ya rataya ne ga samun masana'anta a kusa. Ɗalibin da ke Kano ko Kaduna yana da zaɓi. Na Sakkwato kuwa, in ka ɗauke kamfanin siminti na Kalambaina, wanda aka kafa a 1962 kuma ya narke cikin kamfanin BUA, manyan masana'antun da zai je ba su da yawa.

3.2 Darasin Tsarin 6-3-3-4

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta zo da tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a 1982. Daga cikin ginshiƙansa akwai darasin gabatar da fasaha a ƙananan makarantun sakandare. Gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi ta sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu. Manyanmu da ke cikin wannan zaure sun fi mu sanin abin da ya biyo baya. A makarantu da dama injunan sun ruɓe a cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin da za a kafa su, babu lantarki, babu kuma malamin da ya san yadda ake aiki da su. A shekarar 1988 aka sake fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantu, aka fara da wasu makarantun Gwamnatin Tarayya, ita ma ba ta yi nisa ba saboda irin waɗannan dalilai. Darasin da ke ciki shi ne, sayen kaya ya fi komai sauƙi, kuma shi ake fara yi, ko da yake shi ya kamata ya zo a ƙarshe.

3.3 Zamanin Wayar Salula

A watan Janairu na 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi a kan dalar Amurka miliyan 285. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar NITDA mai kula da bunƙasa fasahar sadarwa. Dokar hukumar ta 2007 ta ɗora wa kamfanonin waya da bankuna da kamfanonin inshora da makamantansu, waɗanda cinikinsu ya kai naira miliyan 100 a shekara, biyan kashi 1 cikin 100 na ribarsu domin raya wannan fanni. Sabuwar dokar haraji ta 2025 ta haɗe wannan kaso da wasu irinsa cikin haraji guda na raya ƙasa. Haka kuma Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF, wanda ake ɗebo kuɗinsa daga abin da kamfanonin waya suke biyan hukumar NCC, domin kai sabis wuraren da kamfani ba zai je da kansa ba, da kuma kafa ɗakunan kwamfuta a makarantu. A 2004 hukumar NCC ta buɗe cibiyar horarwa ta DBI, wadda take da reshe a Kano. Wannan shi ne haɗin gwiwa na tilas, wanda doka ta wajabta.

3.4 Yarjejeniyoyin Baya-bayan Nan

Akwai kuma haɗin gwiwa na ganin dama. A watan Mayu na 2021 kamfanin Microsoft da Gwamnatin Tarayya suka ba da sanarwar horar da 'yan Nijeriya miliyan 5 cikin shekara 3. A watan Oktoba na 2023 Minista Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT, mai burin samar da ƙwararru miliyan 3. An fara da rukunin mutum 30,000, aka biyo da na mutum 270,000 a shekarar 2024. Fannonin da ake koyarwa sun haɗa da rubuta manhaja, da nazarin alƙaluma, da tsaron bayanai, da ƙirƙirarriyar basira. Ɗalibi yakan yi karatu ta intanet, sa'an nan ya riƙa haɗuwa da 'yan'uwansa a wata cibiya domin aikin gwaji. Kamfanin IHS, mai turakun sadarwa, ya yi alkawarin naira biliyan 1 domin kafa rukunonin koyo a jihohi 36 da Abuja, kamfanonin MTN da Airtel su ma suka ba da nasu tallafi. Babu shakka wannan yunƙuri ne babba, kuma matasa da yawa, har da na Arewa, sun ci moriyarsa.

4.0 Fakku a Kan Ma'auni

4.1 Wurin da Jama'arsa

Fakku mazaɓa ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kebbe, ta wajen Gulbin Ka. Kebbe tana iyaka da jihohin Zamfara da Kebbi, kuma ita da Tambuwal wakili ɗaya suke da shi a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Aminu Waziri Tambuwal ya riƙe wannan kujera daga 2003 zuwa 2015, kafin ya zama gwamna. Ƙidayar 2006 ta ba Kebbe mutum sama da 124,000, Tambuwal kuma sama da 224,000. Noma da kiwo da ƙananan kasuwanci su ne sana'o'in jama'a. Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, wajen kilomita 100 daga Sakkwato. Daga nan kuma sai an sake nausawa kudu kafin a kai Fakku.

4.2 Sharuɗɗan da Ba a Rubuta Ba

Mu ƙaddara wani saurayi ya gama sakandare a wannan yanki, ya ji labarin 3MTT a rediyo, yana son shiga. Ba za a nemi ko kwabo daga gare shi ba. Amma akwai sharuɗɗa huɗu da ba a rubuta su a takarda ba, kuma dole ne ya cika su.

Na farko, na'ura. Rubuta manhaja ba ya yiwuwa yadda ya kamata a kan ƙaramar waya, sai da kwamfuta, kuɗinta kuwa ya fi ƙarfin yawancin gidajen manoma. Na biyu, lantarki. A ƙauyukanmu cajin waya sana'a ce mai zaman kanta, ana kai waya shagon mai janareta ko mai sola a biya, wannan kaɗai ya isa shaida. Na uku, sabis mai ƙarfin ɗaukar darasin bidiyo, da kuɗin data. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi burin kai wa kashi 70 cikin 100, amma wa'adin ya cika ana wajen rabi, kuma mafi yawan wannan rabin a birane yake. Na huɗu, Turanci, domin da shi aka tsara darussan.

A wannan yanki akwai ƙarin wata matsala, watau ta tsaro. A watan Satumba na 2021, bayan an katse layukan waya a Jihar Zamfara, an katse su a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, ciki har da Tambuwal, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Ko mene ne amfanin matakin ta fuskar tsaro, ya nuna cewa karatun da ya dogara kacokan ga intanet yana iya tsayawa cik a rana ɗaya.

4.3 Jarrabawa ta Riga Koyarwa

Abin da ya sa wannan magana ba ta jiran gobe shi ne jarrabawa. Hukumar JAMB ta fara jarrabawar shiga manyan makarantu da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina amfani da takarda. Cibiyar da hukumar take amincewa da ita sai ta mallaki kwamfuta 250, saboda haka a manyan garuruwa ake samun irinta. A 2017 hukumar ta fito da jarrabawar gwaji, ta kuma tsara yadda ɗalibi zai amsa tambayoyi da maɓallai takwas kawai, ba sai ya taɓa linzamin kwamfuta ba. Wannan sauƙi ne, amma kuma amincewa ce da cewa ɗalibai da yawa ranar jarrabawa suke fara zama gaban kwamfuta. Hukumar WAEC ita ma ta fara bin wannan hanya a 2024 ga masu rubuta jarrabawa daga waje. Ke nan yaron da ya fi kowa ƙoƙari a ajinsu a Fakku yana iya faɗuwa, ba don bai san amsa ba, sai don hannunsa yana rawa a kan allon maɓallai, agogo kuma yana tafiya. Idan ya faɗi a nan, ƙofar jami'a da ta kwaleji ta rufe, balle a yi zancen mataki na uku.

4.4 Ɗakin da Aka Kulle

A wani zagayen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, mun je wata ƙaramar sakandare a kudancin jihar nan. Mun tarar da ɗalibarmu tana koyar da darasin kwamfuta, ta zana hoton linzami a kan allo da alli, yara suna kwafa cikin littattafansu. Da muka fito, sai muka ga wani ɗaki a kulle, da allon sunan kamfanin da ya ba da shi kyauta a jikin bango. Shugaban makarantar ya buɗe mana, muka ga kwamfutoci a jere an lulluɓe su da leda. Ya shaida mana cewa batiran sola sun mutu, babu wanda aka ɗora wa alhakin sauya su, shi kuma yana tsoron ya bar yara su taɓa, wani abu ya lalace a ce ya biya. Da muka tambayi ɗalibar tamu ko za ta iya koyarwa da su in an gyara, sai ta sunkuyar da kai. Wannan laifin namu ne, mu da muka koyar da ita, domin mu ma a allo muka koya mata mafi yawan abin da ta sani. Shekara arba'in bayan akwatunan 6-3-3-4, mun sake tarar da su, sai dai wannan karon da sunan kamfani a jiki.

5.0 Dalilin da Ya Sa Haka Ke Faruwa

Ba daidai ba ne a ɗora wa kamfanoni laifin mugun nufi. Kamfani don riba aka kafa shi, kuma bukatunsa a wannan harka sanannu ne: ya sami ƙwararrun da zai ɗauka aiki, ya ƙara yawan masu sayen hajarsa, ya kuma yi suna. Bukata ta farko tana kai shi mataki na uku, ta biyu tana kai shi inda jama'a suka yi yawa kuma suke da kuɗi, ta uku kuwa tana biya ne ranar bikin buɗe ɗaki. Kafa turken sadarwa a ƙauye mai nisa yana bukatar man dizal da mai gadi da hanyar kai kaya, abin da zai shigo kuma kaɗan ne. Sauya batir bayan shekara uku ba ya shiga labarai.

Ita ma gwamnati tana da nata raunin. Ta fi son alƙaluman jimla, irin su miliyan 3 ko miliyan 5, waɗanda ba sa nuna ko mutum nawa ne daga Kebbe. Bugu da ƙari, yarjejeniyoyin a Abuja ake ƙulla su, tsakanin ma'aikatar sadarwa da hedkwatar kamfani, alhali makarantun firamare da ƙananan sakandare suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi, horar da malamansu kuma yana hannun kwalejojin ilmi ƙarƙashin hukumar NCCE. Masu kuɗin suna gefe ɗaya, masu ajin suna wani gefen.

Wannan rarrabuwa za ta ƙara fitowa fili, domin sabuwar manhajar karatu da aka sanar a 2025 ta sa darasin fasahar zamani, ta kuma sa haɗa sola da gyaran kwamfuta da waya cikin sana'o'in da ɗalibi zai zaɓa. Manhajar ta yi kyau. Tambayar ita ce, wa zai koyar da ita a Fakku?

6.0 Abin Koyi Daga Wasu Wurare

Ƙasar Indiya ta fara kafa cibiyoyin hidima na ƙauyuka a shekarar 2006. Gwamnati ta samar da tsari da ayyukan da za a yi ta cibiyar, kamar cike fam da biyan kuɗin hukuma, ɗan garin kuma shi ne mai cibiyar, yana samun kamasho a kan kowace hidima. Da yake abincinsa a nan yake, ba ya barin na'ura ta mutu. Ruwanda kuma a 2017 ta fito da shirin jakadun fasaha, watau matasa da ake horarwa a tura su ƙauyuka su koyar da jama'a matakin farko da harshensu.

Wannan dabara ta biyu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda ake horar da jajoji su koma ƙauyukansu su karantar da mata a gidajensu da harshen da suke ji. Ta gane cewa mai nisa ba zai iya zuwa inda ilmi yake ba, sai a horar da wanda zai kai masa.

7.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, kwalejojin ilmi su zama ɓangare na uku a duk yarjejeniyar da gwamnati za ta ƙulla da kamfani. A jihar nan akwai tsohuwar kwalejin horar da malamai ta Sakkwato da aka kafa a 1970, wadda aka sa wa sunan Shehu Shagari, akwai kuma Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Gidan Madi. A keɓe wani kaso na tallafin domin horar da malamai, kuma kada a ba kowane ɗalibi takardar NCE, ko da Hausa ko Larabci ya karanta, sai ya nuna a aikace cewa ya ƙware a mataki na biyu. Ƙwararre ɗaya kansa yake amfana, wataƙila ma ya bar ƙasar. Malami ɗaya kuwa ɗaruruwan yara ne za su bi ta hannunsa.

Na biyu, kada a karɓi kyautar kwamfuta sai tare da lantarki da rubutaccen alkawarin gyara na wasu shekaru, da sunan wanda alhakin yake wuyansa. Kwamfuta goma masu aiki sun fi arba'in da aka lulluɓe.

Na uku, turken sadarwa yana da wuta dare da rana. Inda ya yi kusa da makaranta, a yi shawara da kamfanin ya ba ta wuta da sabis, asusun USPF ya biya kuɗin. A kuma ajiye darussa a cikin na'urorin makarantar, yadda ko an ɗauke sabis karatu ba zai tsaya ba.

Na huɗu, a faɗaɗa ma'anar masana'anta. Masana'antar fasaha ta Tambuwal da Kebbe ita ce mai gyaran waya, da mai shagon buga takardu, da mai haɗa sola, da mai POS, wanda jama'a suka ga amfaninsa a lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. A tantance su, a ba su takardar shaidar ƙwarewa, kamar yadda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi da masu sana'a na kasuwar Panteka. Daga nan a riƙa tura musu ɗalibai koyon aiki, a kuma ba su kwangilar gyaran na'urorin makarantu.

Na biyar, a koyar da matakin farko da Hausa. Wannan aikin sassan Hausa ne na kwalejoji da jami'o'i: daidaita kalmomi, da rubuta littattafai, da tabbatar da cewa malami ya san yadda ake buga ɓ da ɗ da ƙ. Da yake gwamnati da kamfanin Awarri sun fito da manhajar N-ATLAS a 2025, wadda take aiki da Hausa, hujjar cewa na'ura Turanci kaɗai take ji ta kau.

Na shida, a horar da mata malamai su kai matakin farko cikin gidaje da makarantun Islamiyya, bisa tsarin da aka gada. Makarantar 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Tambuwal tana iya zama wurin irin wannan horo a lokacin hutu.

Na bakwai, a riƙa buga sakamakon kowane shiri ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, domin wakilan jama'a su san abin da za su tambaya.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bayyana matakan ƙwarewa uku, mun bi tarihin haɗin gwiwar hukuma da kamfanoni daga 1971 zuwa yau, mun kuma auna shi da halin da ake ciki a Fakku. Mun ga cewa an samar da dokoki da kuɗi da darussa, amma an ɗauka cewa mai koyo ya riga ya mallaki na'ura da wuta da sabis da Turanci, kuma ba a sa malami cikin lissafi ba. Ba mu ce a daina horar da ƙwararru ba, ƙasa tana bukatarsu. Abin da muka ce shi ne, su ma ƙwararrun daga ajin firamare suke fitowa. Ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe mai sauƙi ne: ranar da ɗan Fakku zai shiga ɗakin jarrabawar JAMB, ya kasance ya saba da kwamfuta tun a makarantar garinsu, a hannun malamin da muka horar. Wannan nauyi ne a kan gwamnati da kamfanoni, amma kaso mai yawa nasa yana kanmu, mu malaman kwalejojin ilmi. Muna fata mahalarta wannan taro za su gyara inda muka yi kuskure, su kuma ƙara inda muka taƙaita. Allah ya sa mu dace.